Wata Tara da Dogo Ya Ƙara Mata

Ranar da Dogo ya fara ganinta faɗa ta yi masa, kuma ita ce da gaskiya.

Satinsa ɗaya ke nan da kama aikin kula da na'urori a sashen fiziks na injiniyanci a jami'ar, aka aike shi ɗakin gwaji na ƙarshen baranda ya duba wani soket da ke tartsatsin wuta. Bawan Allah ya shiga da akwatin kayan aikinsa, ya leƙa bai ga kowa ba, ya kai hannu ya kashe babban makunnin bango, kamar yadda duk mai hankali zai yi kafin ya taɓa waya. Wani inji da ke gurnani a kusurwa ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Sai ga wata budurwa ta miƙe daga bayan kabad, cikin farar rigar aiki da ta yi mata yawa, ta naɗe hannayen rigar har sau uku.

"Malam, me ka kashe?"

Ya nuna makunnin da yatsa.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. A hankali ta yi masa bayani cewa tun ƙarfe bakwai na safe injin nan yake zuƙe iska daga tukunyar ƙarfen da ke kansa, awa biyar yake ɗauka, saura rabin awa ya gama, yanzu kuma albarkacin zuwansa sai an sake daga farko. Ta ƙare da tambayarsa ko a inda ya fito ba a koyar da sallama. Dogo ya yi tsuru-tsuru, duk tsawon nan nasa bai amfane shi da komai ba. Ya ba da haƙuri ya fi sau biyar ya fita, sai da ya kai ƙofar ofis ya tuna ko soket ɗin bai taɓa ba.

Da yamma ya yi ta maza ya koma, wannan karon da sallama har biyu. Ya ce idan za ta riƙa zuba kayan gwajinta a tukunyar kafin ta tashi, shi zai riƙa sammako ya kunna mata injin, ta zo ta tarar an ci rabin aiki. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce to, a gwada na sati ɗaya. Satin nan ne ya zama shekara huɗu.

Wanda ya je yau ba zai gane ɗakin ba, an mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Amma a wancan lokacin, kai, ɗaki ne mai rai. Akwai fanka mai ƙara da ba wanda ya taɓa iya gyarawa, har Dogo. Akwai warin man inji da ke bin tufafin mutum har gida, da butar shayi mai lotsattsen gefe, da taga ɗaya da rana ke shigowa ta cikinta daidai ƙarfe huɗu ta kwanta a kan teburin rubutu. Injin kuwa Tsohuwa ake kiransa, don ya girmi duk ɗaliban da ke amfani da shi.

Ita yarinyar Auta ake ce mata a gida. Wata rana yayanta ya zo ɗaukarta ya tsaya a taga ya ƙwala mata kira da sunan, shi ke nan sunan ya bi ta, har Farfesan da ke duba aikinta da shi yake kiranta. Digirin digirgir take yi. Aikinta shi ne shafa wani siririn sinadari a kan ƙananan gilasai a cikin tukunyar Tsohuwa, ta mai da su abin da ke juya hasken rana ya zama lantarki. Idan ta fito da su sai ta kai ƙarƙashin wata babbar fitila mai kwaikwayon hasken rana, ta auna kashi nawa cikin ɗari na hasken suka iya juyawa. Lokacin da suka haɗu tana kan kashi shida, kuma kashi shidan nan har kuka ya sha sa ta.

Awa biyar na jiran Tsohuwa lokaci ne mai tsawo, kuma a cikinsa komai ya faru. Da farko gaisuwa ce kawai. Daga nan ya zama kullum akwai wata waya da ke bukatar dubawa a ɗakin, har Farfesa ya taɓa tambaya ko sauran ɗakunan sashen ba su da wayoyi ne. Ta koya masa abin da lambobinta ke nufi, ya koya mata gane lafiyar inji daga jin sautinsa. Ta sa masa suna Mai Sukudireba, saboda wadda ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Shi kuma a zuciyarsa ya daɗe da sa mata nata sunan, bakin faɗa ne babu.

Wayoyin lokacin masu madannai ne, saƙo sai an danna an danna. Kullum da safe yakan tura mata guda. Na wata Talata ya ce:

"Tsohuwa ta tashi lafiya, shida da kwata na kunna ta. Ta yi tari sau ɗaya na ba ta mai. Ki taho a hankali, ba abin da zai gudu."

Amsa ta shigo: "Na gode, Mai Sukudireba. Amma na lura ka fi kula da Tsohuwa a kaina."

Dogo ya karanta saƙon nan ya fi sau goma. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, har rana ta take, sannan ya rufe ido ya tura:

"Saboda ke nake kula da ita, Daktata."

Ranar ba ta amsa ba. Amma da ya shiga ɗakin da yamma ya tarar da kofin shayi biyu a kan tebur, ita kuma ta dage da kallon wani littafi da ta riƙe a juye. Ta ce masa ya daina kiranta Dakta tun ba ta zama ba, kada ya ja mata baki. Ya ce to. Bai daina ba, ita ma ba ta sake hanawa ba.

Matsalar tana gida. Baban Auta tsohon malamin makaranta ne, mutum mai magana ɗaya. Shi ma a ƙuruciyarsa ya fara babban digiri, hidimar iyali ta sa ya ajiye, har yau takardun suna nan a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Babbar 'yarsa ta yi aure tana aji uku a jami'a da alƙawarin miji zai bar ta ta ƙarasa, ga ta da 'ya'ya huɗu, ƙarasawar ba ta zo ba. Saboda haka da Dogo ya je gaishe shi tare da kawunsa, tsohon ya saurare su tsaf, ya tambayi iyakar karatun yaron, aka ce difloma, ya ce madalla, irin madallar da ba ta kai zuci ba. Sannan ya ce ba ya son ya sake jin maganar aure a gidansa sai Auta ta kare kundinta.

Ga kuma Sabon Dakta. Ɗan abokin Baba ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba aka ɗauke shi koyarwa a sashen. Yana da mota, yana da turare, yana da labarin kansa da ba ya ƙarewa. Shi ba a hana shi zuwa gidan ba, ai ɗan gida ne. Idan ya shigo ɗakin gwaji ya ga Dogo a durƙushe a gindin Tsohuwa sai ya ce a taimaka a duba masa fankar ofis idan an gama. Dogo yakan ce to, ranka ya daɗe.

Mama, mahaifiyar Auta, ita ce ta tsaya musu. Ta bi Baba a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta samo magana daga bakinsa: ranar da Auta ta kare kundinta, wanda ta nuna shi zai ba. Auta ta turo saƙo tun kafin ta fito daga gida:

"Mai Sukudirebana, Baba ya ce ranar da na kare kundi wanda na nuna shi ne. Yatsana a shirye yake. Ka yi ta addu'a Tsohuwa ta riƙe mu."

Daga nan aiki ya yi kyau kamar an buɗe ƙofa. Kashi shida ya zama tara, tara ya zama sha ɗaya, kuma a nan ne suka yi kuskuren da ba mai yinsa sai irinsu.

Fitilar gwajin nan ba a kunna ta kawai a hau awo. Akwai wani ɗan ma'auni, bai wuce girman akwatin ashana ba, da ake fara sawa a ƙarƙashinta, a riƙa murɗa hasken har allura ta hau kan layin da ke nuna ƙarfin ranar tsaka. Shi kansa ma'aunin, ƙa'ida ce duk shekara a aika shi wata babbar cibiya a tabbatar da lafiyarsa, tafiyar sati shida, kuma wannan aikin Dogo ne. Da lokacin ya zo, Auta na tsakiyar samun lambobi masu daɗi. Ta marairaice ta ce ya bari sai ta gama wannan zagayen, sati shida ba awo ai mutuwa ce. Ta kalle shi da idanun nan. Ya mai da ma'aunin cikin kabad. Da shekara ta zagayo ta sake roƙo, ya sake bari. Wallahi ya san ƙa'ida, so ne ya fi ƙarfinsa.

Ta kai kashi sha huɗu. Farfesa, wanda dariyarsa sai da dalili, ya zagaya tebur yana tafa hannu. Aka sa ranar kare kundi nan da wata uku. Umman Dogo ta fara gaya wa 'yan'uwa a asirce, irin asircen da kowa ke ji. Da awo ya ƙare Auta ta koma rubutu, sai Dogo ya naɗe ma'aunin ya aika, don kawai ya sauke nauyi.

Bayan sati shida ya dawo da takarda a cikin ambulan. Dogo ya buɗe a ofis shi kaɗai, ya karanta. Ma'aunin ya tsufa, ganinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin bakwai. Ma'ana duk tsawon lokacin nan suna ta ƙara wa fitila haske ya wuce na rana ba su sani ba, kamar tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana ta ƙara wa rediyo murya. Ya ɗauki biro ya yi lissafin sau uku a bayan ambulan, ko Allah zai sa ya canza. Bai canza ba. Sha huɗun Auta sha biyu ne.

Kwana uku takardar tana aljihunsa, bayan sukudireba. Babu wanda ya gan ta, kuma ya san irin waɗannan takardun fayil ake jefa su, ba mai sake buɗewa. Idan ya yi shiru, nan da sati shida Auta ta zama Dakta, ta nuna shi, a ɗaura. Idan ya yi magana sai an sake komai, don tsofaffin gilasan sun riga sun lalace da ajiya, kuma Baba zai ji cewa mai difloman nan ne ya ɓata wa 'yarsa aiki. Abinci ya daina shiga. Umma ta tambaye shi ko sun yi faɗa ne, ya ce a'a. Sau biyu ya buɗe fayil ɗin zai sa takardar, hannunsa ya ƙi.

Rana ta huɗu da la'asar ya same ta a teburin taga tana gyaran babi na ƙarshe. Ta ɗago da murmushi ta ce ya zo ya ga inda ta sa sunansa a shafin godiya. Bai duba ba. Ya ajiye takardar a gabanta ya ce, "Ban nuna wa kowa ba. Ke na fara kawo wa."

Ta karanta. Ta juya ambulan ta ga lissafinsa. Ya ga fuskarta ta sauya a hankali.

"Saura sati shida," ta ce. "Sai yanzu ka ga damar aika shi?"

Ya buɗe baki zai tuna mata dalili, ya fasa.

"Ashe gaskiya ake gaya min. An ce ba za ka iya zama da matar da ta fi ka karatu ba, na ce ƙarya ne, ba a san ka ba."

Maganar ta soke shi sosai. Ta tattara takardunta har da ambulan ɗin ta fita, ta bar kofin shayinta ko rabi ba ta sha ba.

Sauran labarin a bakin mutane ya riƙa jinsa. Ta nemi shawarar Sabon Dakta, shi kuma ya yi dariya ya ce ta yaga takardar, kashi biyu ai ba abin tayar da hankali ba ne, wa zai bincika? Bai tsaya nan ba, ya wuce gidan su Auta ya shaida wa Baba cewa mai gyaran nan ya ƙirƙiro matsala saboda hassada. Baba ya aika wa kawun Dogo cewa kada yaron ya sake taka ƙofar gidansa, maganar da ya yi a baya kuma ya janye ta a kansa.

Dogo ya tura mata saƙo ɗaya tak:

"Daktata, laifina ne da ban aika shi a kan lokaci ba, ki yi fushi da ni a kan wannan. Amma ban yi don in hana ki komai ba, Allah ne shaidata. Duk abin da kika yanke, aikinki ne."

Shiru. Sati biyu yana sammako kamar yadda ya saba, ya zo ya tarar da tukunyar Tsohuwa ba komai a ciki, ya goge mata ƙura ya zauna. Bai taɓa sanin ɗakin yana da faɗi haka ba. Ya yi nadamar barin ma'aunin a kabad, nadama mai ciwo, amma ko sau ɗaya bai iya yin nadamar kai mata takardar ba, duk da ya so ya yi.

Ashe ita ma ba ta zauna ba. Ta kasa yaga takardar. Ta je wani sashe ta aro nasu ma'aunin, ta haɗa sabon gilashi a injinsu, ta zo ranar hutu ta saita fitilar da hannunta ta auna. Da yammacin ranar wayarsa ta yi ƙara:

"Na auna da kaina. Sha biyu ne. Ni na roƙe ka ka bar shi, har sau biyu, kuma na san haka lokacin da nake gaya maka maganar nan. Ban san inda zan sa fuskata ba. Ka yafe min, Mai Sukudirebana. Gobe zan je wurin Farfesa, da yamma in zuba wa Tsohuwa kaya. Za ka kunna min?"

Yana tsakar gida lokacin. Umma ta ga ƙaton ɗanta yana share ido da bayan hannu, ta ce lafiya? Ya ce lafiya lau, Umma. Ya rubuta:

"Na yafe tun ranar. Shida da kwata, in Allah ya yarda."

Washegari suka haɗu a ƙofar ofishin Farfesa ba tare da sun shirya ba, kowa ya zo kai ƙarar kansa. Ta ce ita ta hana a aika, ya ce shi ne bai aika ba, har suka fara musu a gaban tsohon. Farfesa ya cire tabarau ya ce shekara talatin yana aikin nan bai taɓa ganin ana rigimar gadon laifi ba. Ya ba Dogo takardar gargaɗi, ya soke ranar kare kundi, ya ce wa Auta ta sake komai daga tushe, kuma ta rubuta abin da ya faru a cikin kundin, babi guda, ba ɓoye-ɓoye.

Wata tara aikin ya ci. Watanni ne masu wuya, amma har yau idan suna hira su suka fi tunawa. Tsohuwa ta lalace sau biyu, Dogo ya farke ta ya ɗinke. Abokan karatun Auta suka gama suka tafi suka bar ta. Sabon Dakta ya gaji da jira ya mai da motarsa wata ƙofar. A gida Baba ya daina yi mata maganar makaranta gaba ɗaya, ko ta yi ƙoƙarin bayani sai ya ɗauki rediyonsa ya fita, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Dogo kuwa bai san ko akwai aure a ƙarshen wannan hanya ba, don an riga an rufe masa ƙofa. Yana dai kunna inji.

Wata safiya a wata na takwas, yana durƙushe yana zuba wa Tsohuwa mai, ya ji sallama. Ya waiga ya ga Baban Auta a bakin ƙofa da sandarsa. Ya miƙe a gigice har ya kusa kifar da galan, ya gaishe shi, ya goge kujera ya ba shi. Tsohon bai zauna ba. Ya zagaya ɗakin yana kallon kaya, ya tsaya gaban fitilar ya daɗe.

"Uwarta ta ce min kai kaɗai ka ga takardar nan."

"Haka ne, Baba."

"Da ka yi shiru, da yanzu tana ɗakinka."

"Na sani, Baba. Kwana uku na yi ina wannan lissafin."

"To me ya hana ka?"

Dogo ya kalli hannayensa da suka yi baƙi da mai. Ya ce, "Baba, Dakta za a riƙa kiranta har ƙarshen rayuwarta. Na ga ba zan iya zama gida ɗaya da ita ina jin ana kiranta haka, ni kuma na san abin da na ɓoye mata ba. Ta sha wahala a kan sunan nan. Gara ya zama nata na gaskiya, ko da ba ni ne a kusa ba."

Baba ya tambayi ƙarfe nawa yake zuwa kullum, aka gaya masa, ya gyaɗa kai ya yi sallama ya tafi. Dogo ya rasa gane ko ya gyara ne ko ya ƙara ɓatawa.

Ranar kare kundi zauren ya cika. Dogo ne ya haɗa na'urar haska bango, sannan ya koma can baya ya tsaya kusa da makunni, kada wani mai hankali irinsa ya zo ya kashe. Auta ta fito cikin natsuwa ta gabatar da sakamakonta, kashi sha biyu da rabi. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a, wani mai furfura da aka ce ba ya barin ɗalibi sai ya yi gumi, tambayarsa ta farko ita ce yaya aka yi ta tabbatar fitilarta ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ta yi mata, har na kusan shekara biyu, ta buɗe babi na huɗu ta ba da labarin tun daga roƙon da ta yi har zuwa takardar. Mai furfura ya ce ya karanta babin sau biyu, kuma da izininta zai riƙa ba ɗalibansa su karanta kafin su taɓa kowace na'ura. Gumi ya karyo wa Dogo a madadinta.

Bayan awa biyu da rabi aka fitar da kowa, aka yi shawara, aka dawo da su. Farfesa ya miƙe ya ce, "Barka, Dakta." Mama ta fashe da kuka, yayyenta suka rufe ta. Dogo ya ji daɗi irin wanda bai taɓa ji ba, ya kuma ji tsoro, don yau ce ranar da aka yi alƙawari, shi kuma an cire shi daga alƙawarin. Ya sunkuya ya hau naɗe waya don kada a ga fuskarsa.

Yana cikin naɗewa ya ga ƙasan sanda a gabansa. Ya ɗago. Baba ne, Auta a bayansa da kundinta a ƙirji.

Baba ya ce mata, "Na ce ranar yau za ki nuna min."

Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ɗaga yatsa a hankali ta nuna mai naɗe waya.

"Ai ko ba ki nuna ba ni zan nuna miki shi," in ji tsohon. Ya juya ga Dogo. "Ka gaya wa kawunka ina neman afuwarsa. Ku zo ranar da kuka shirya."

Wayar ta suɓuce daga hannun Dogo ta warware gaba ɗaya, aikin da ya yi ya koma baya. Auta ta rufe baki tana dariya, hawaye na zuba.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Farfesa ya zo, ɗaliban sashen suka zo gayya guda, Umma ta yi ta kai da kawo bakinta har kunne tana gaya wa duk wanda ta gani cewa surukarta Dakta ce, ta gaske. Da jama'a suka ragu Baba ya sa aka kira masa su biyun, suka durƙusa a gabansa.

Ya ce shi miji mai hana karatu yake tsoro, shi ya sa ya kafa ya tsare, bai san akwai wanda zai yarda ya rasa mace don karatunta ya tsaya da ƙafarsa ba. Sannan ya dafa kafaɗar Dogo.

"Ɗana, ga ta nan na ba ka. Idan ka ga kuskure a wurinta ka gaya mata kamar yadda ka saba, kada ka kai kwana uku. Ke kuma Auta, idan ya gaya miki, ki auna kafin ki yi fushi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai gaskiya."

Suka ce amin tare. Mama daga bakin ƙofa ta ƙara nata amin ɗin, ta ce su tashi haka nan, mota na jira.